ITACEN DA ARADU TA FAƊA WA

Karatu: Zabura 29, Luka 13:1-9

In akwai baba ko kaka kusa da rediyon wanda Hausa ba ta zauna masa sosai ba, bari ɗaya cikin yaran ya matso kusa, ya riƙa juya masa maganar da Gwandara, ko Gbagyi, ko Gade, ko kowane harshe kuke yi a gida. Maganar yau ta shafi tsofaffinmu ƙwarai, ba ma so ta wuce su.

Tun farkon damina wani dattijon ikilisiya ya aiko mana da wasiƙa daga wani ƙauye da ke bayan Karshi. Ba za mu faɗi sunansa ko sunan ƙauyen ba, gama maganar ta taɓa mutuncin wata 'yar'uwa. Mun kuwa jinkirta kawo ta nan har sai da muka je muka gani da idonmu, domin gani ya kori ji.

Ga abin da ya faru. Ikilisiyarsu ƙarama ce. Sun daɗe suna tara baiko kaɗan-kaɗan har suka tā da bangon sabuwar majami'a, saura rufi. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar katako ta Kugbo ko ta Dei-Dei ya tambayi kuɗin tu-bai-fo, ya san nauyin wannan kalma, "saura rufi". Ana nan sai wata gwauruwa ta miƙe ran Lahadi, ta ce akwai babban maɗaci a gonar da mijinta ya bar mata, ta ba Ubangiji, a yanka a yi rufi da shi. Aka yi murna, mata suka yi guɗa. Aka shirya da mai injin zarto zai zo bayan mako biyu. Kafin ya zo, hadari ya taso da dare, aradu ta faɗa wa maɗacin.

Gari na wayewa magana ta cika ƙauye. Waɗansu suka ce Allah ya ƙi baikon, lalle akwai abin da matar nan take ɓoyewa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Har aka fara tono yadda mijinta ya rasu. Waɗansu tsofaffi ba su zarge ta ba, amma suka ce tun kakanni itacen da aradu ta taɓa ba a shiga da shi gida, ba a kuma hura wuta da shi, balle a ɗora shi kan ɗakin sujada. Matasa kuwa suka ce duk wannan camfi ne, mu masu bi ne, a kira mai inji gobe a yanka a yi rufi. Ita kuwa matar ta daina zuwa sujada, ta daina zuwa Zumuntar Mata. Dattijon ya rufe wasiƙarsa da tambaya ɗaya: Malam, wanne za mu bi a ciki?

Muka bi ta Nyanya, Karu, Jikwoyi, Orozo har Karshi, daga nan muka hau babur. Mun tafi da wani tsohon mai yankan katako, ɗan'uwa cikin Ubangiji, wanda ya tsufa a kan aikin nan. Maɗacin yana kan ɗan tudu, shi kaɗai, babu wani itace kusa da ya kai rabin tsawonsa. Tun daga wani babban reshe a sama har gindi, an ɓare ɓawonsa kamar faɗin tafin hannu biyu, tsagar ta karkace ta zagayo jikinsa kamar yadda igiya take nannaɗe sanda. Gutsattsarin ɓawo sun watsu nesa cikin kunyoyin doya. Ganyen gefe ɗaya ya riga ya bushe.

Bari mu fara da abin da Allah ya ba 'yan adam sanin sa game da aradu, gama sanin aikin hannunsa ba rashin bangaskiya ba ne. A can cikin hadari, inda sanyi ya yi yawa, ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gogar juna, iska tana kai su sama tana dawo da su. Daga wannan gogayya wutar lantarki take taruwa, irin wadda take bin waya ta shiga gidajenmu, sai dai ƙarfinta ya wuce misali. In ta taru ta yi yawa sai ta nemi hanyar sauka ƙasa, ta fi kuwa bin abin da ya fi tsawo, wanda yake tsaye shi kaɗai. Iskar da ta ratsa tana yin zafi har kusan digiri 30,000, wato wajen ninki biyar na zafin fuskar rana. Iskar nan sai ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewarta ita ce tsawa. Ashe walƙiya da tsawa abu ɗaya ne, haske ne kawai ya riga ƙara isowa.

To, ku dubi ƙasarmu. Tun da aka keɓe Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta ƙaura zuwa Abuja a 1991, mutane suna ta ƙaruwa, daji yana ta ja da baya. An sare na gawayi, an sare na gona, an sare na gini. Abin da ya ragu a gonakin Karshi da kewaye shi ne ɗorawa ɗaya a nan, kaɗanya ɗaya a can, mangwaro ko maɗaci a tsakiyar fili, ga kuma duwatsu da tuddai. Itacen da dā yake cikin 'yan'uwansa ɗari, yanzu shi kaɗai ya miƙa kai sama. In aradu za ta sauka a wannan fili, ina kuke tsammani za ta sauka?

Sa'ad da ta shiga itace, tana bin inda ruwa yake. A ƙarƙashin ɓawo akwai wuri mai laima inda ruwan itacen yake hawa da sauka. Kafin ƙiftawar ido ruwan nan ya tafasa ya zama tururi, tururin kuwa ba shi da mafita. Kun san abin da yake faruwa in yaro ya jefa rufaffen gwangwani cikin wuta. Haka ɓawon yake fashewa ya yi tsalle, wani lokaci har gangar jikin itacen ta tsage. Tsagar tana karkacewa ne domin tana bin yadda jijiyoyin itacen suka murɗe tun yana girma. In kuwa ruwan sama ya riga ya jiƙe ɓawon sharkaf, wutar takan bi ta waje ta sauka, itacen ya tsira da ɗan rauni. Wani kuma ba za ka ga ko ƙwarzane a jikinsa ba, amma saiwarsa ta dahu a ƙasa, bayan 'yan makonni sai ka ga ya bushe a tsaye. Kwakwa ba ta cika tsira ba, gama kanta ɗaya ne, in ya mutu ba ta da wani reshe da zai toho.

Dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, ba daga sama ya faɗo ba. Gatari ne na gaske, wanda mutanen dā suka wasa da hannunsu tun kafin ƙarfe ya wadata. Mutanen Turai ma sun daɗe suna kiransa dutsen tsawa kafin su gane.

A 2025 waɗansu masu bincike a birnin Munik na ƙasar Jamus suka yi lissafi, suka ce aradu tana kashe itatuwa wajen miliyan 320 kowace shekara a duniya. Yawancinsu suna cikin manyan dazuzzuka inda babu mai gona, babu gwauruwa, babu wanda ya yi alkawarin baiko. 'Yan'uwa, zunubin wa ake hukuntawa a can?

Yanzu mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A Zabura 29 Dawuda yana kallon hadari ya taso daga kan teku, ya ratsa duwatsun Lebanon a arewa, ya gangara har jejin Kadesh. Sau bakwai yana kiran tsawa muryar Ubangiji. Ya ga itatuwan al'ul suna kakkaryewa, manyan duwatsu suna rawa kamar 'yan maruƙa, kurmi ya zama tsirara. Saboda haka ba za mu ce wa kowa babu hannun Allah cikin aradu ba. Shi ya halicce ta, tana ƙarƙashin mulkinsa, ba ta iskoki ba ce, ba ta dodo ba ce, babu kuma bokan da yake da linzaminta. Amma ku lura da abu biyu. Na fari, Dawuda bai tsaya ya tambaya laifin me itacen al'ul ya yi ba. Abin da ya ce ya faru shi ne, waɗanda suke cikin Haikali suka ɗaukaka Allah. Zaburar ta fara da ƙara mai girgiza duwatsu, ta ƙare da ƙarfi da salama ga jama'ar Ubangiji. Na biyu, wane itace ne wannan al'ul? Shi ne itacen da Sulemanu ya aika wa Hiram sarkin Taya a sare masa domin ginin Haikali. Littafin Sarakuna na Fari sura 5 ya ce mutum 30,000 aka ɗiba, ana tura 10,000 kowane wata, ana ɗaure gumagumai a biyo da su ta teku. Irin itacen da tsawa take karyawa a Lebanon, da irinsa aka rufe ɗakin Allah a Urushalima.

Wani zai ce, Malam, ai akwai wuraren da Allah ya yi hukunci da wuta daga sama. Gaskiya ne, ba mu ɓoye ba. Ya aiko da ƙanƙara da tsawa a kan Masar a zamanin Musa. Ya rikita Filistiyawa da tsawa a zamanin Sama'ila. Amma ta yaya muka san hukunci ne? Domin Allah da kansa ya faɗa cikin Maganarsa. To, wa ya faɗa wa mutanen ƙauyen nan cewa maɗacin gwauruwa hukunci ne? Wane annabi aka aiko? Babu. Zato ne kawai, zato kuwa zunubi ne.

Ku tuna da Ayuba. Cikin masifun da suka auko masa rana ɗaya, akwai wuta daga sama wadda ta cinye tumakinsa da makiyayansu. Tumaki 7,000 yake da su. Abokansa uku suka zo, suka zauna kwana bakwai ba su ce uffan ba, wannan ne kuwa mafi kyaun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka yi ta matsa masa ya tona zunubin da ya ɓoye. A sura 42 Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, har sai da Ayuba, wanda suka zarga, ya yi musu addu'a. Mutanen nan suna tsammani suna kāre sunan Allah ne. Ashe ƙarya suke yi masa.

Ubangijinmu Yesu ya yanke maganar a Luka 13. Hasumiya ta rushe a Siluwam ta kashe mutum 18. Mutanen Urushalima suna ta lissafi a zuci, irin lissafin da aka yi a ƙauyen nan. Yesu ya tambaye su ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mazaunan birnin laifi, ya amsa da kansa cewa ba haka ba ne, sa'an nan ya juya tambayar kan masu yin ta, ya ce su ne suke bukatar tuba. Ya ɗan'uwa mai sauraro, in aradu ta faɗi a gonar maƙwabcinka, akwai wa'azi a ciki, amma kai ake yi wa. Ana tuna maka cewa ranka ba a hannunka yake ba. Ba a ba ka kujerar alƙali ba. Haka ya faru da Martin Luther a watan Yuli 1505, sa'ad da aradu ta faɗi kusa da shi a hanya, kusa da ƙauyen Stotternheim. Bai waiga ya nemi mai laifi ba. Kansa ya duba, ya ga bai shirya saduwa da Allah ba, ya bar karatun shari'a ya shiga neman ceto, har bayan shekaru ya same shi cikin wasiƙar Romawa, ta wurin bangaskiya.

In kuma har yanzu wani yana cewa aradu ta san mai zunubi, me zai ce da 'yan'uwanmu na Ruwanda? A watan Maris 2018 ta faɗa wa wata majami'a a gundumar Nyaruguru ana cikin sujada, mutum fiye da goma suka rasu. A watan Nuwamba 2024, a sansanin 'yan gudun hijira na Palabek a ƙasar Yuganda, mutum 14 suka rasu a wurin addu'a, yawancinsu yara. Wa zai iya buɗe baki ya ce wa iyayensu hukunci ne?

Bari mu ɗan ratse kaɗan, gama abin yana damunmu. Mun taso mun tarar ana rantsuwa da aradu. In an yi sata sai a ce a kai magana wurin mai tsafi, aradu ta nemo ɓarawo. Yawancinmu mun bar zuwa wurin boka, mun gode wa Allah. Amma tunanin bai fita ba, riga kawai ya sake. Yanzu a wurin addu'ar dare za ka ji mai bi yana ihu wuta ta sauko, tsawa ta faɗa wa maƙiyansa, wani lokaci maƙiyin nan kishiyar uwarsa ce ko ɗan'uwan da suke rigimar gona. Yakubu da Yahaya sun taɓa neman izini su kira wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu. Ku karanta Luka 9 ku ga, Yesu tsauta musu ya yi, suka wuce wani ƙauye. A kan rantsuwa kuma, Matiyu 5 da Yakubu 5 sun hana mu rantsewa da sama ko da ƙasa. Aradu tana cikin sama. Wanda yake aika ta kan mutane cikin addu'arsa, ba abin mamaki ba ne in ta faɗi ya ce aiko ta aka yi.

Ga iyayenmu da suka ce ba a taɓa itacen, muna faɗa da ladabi: babu wani abu da ya saura a cikinsa. Wutar ta wuce ƙasa tun a daren. Ba ta kwana cikin katako, ba ta bin mutum gida, ba ta kiran wata. Hayaƙinsa hayaƙi ne, tokarsa toka ce. Amma ba mu raina kakanni ba. Mai yiwuwa sun ga reshen irin wannan itace ya faɗo wa mai sara, ko sun ga wuta ta kwana tana ci cikin kogonsa, ko azarar da aka yi da shi ta karye, sai suka kafa doka domin su tsare 'ya'yansu. Dokar tana da dalili, bayanin da aka rataya mata ne ba daidai ba.

Wannan ya kawo mu kan matasa. 'Ya'yanmu, kun yi daidai da kuka ce babu la'ana, amma kun yi gaggawa da kuka ce a yi rufi gobe. Tsohon da muka tafi da shi bai yi gardama da kowa ba. Ya zagaya itacen, ya ɗauki bayan gatari yana bubbuga jikinsa. A wani gefen ƙarar tana fita tsaf, a gefen tsagar kuwa tana fita kamar an bugi fasasshiyar tukunya. Ya ce abin da ido ya gani a waje kaɗan ne. Ƙarfin da ya ɓare ɓawo yakan tsaga itace har zuciyarsa, ya raba jijiyoyin da suke riƙe da juna. Irin wannan katako yakan fito daga bakin zarto sumul, amma da ya fara bushewa sai tsaga ta buɗe, ka buga ƙusa ya rabe biyu. Abin da ya fi muni shi ne wanda bai rabe a hannun kafinta ba, ya bari sai an ɗora masa kwano, iskar farkon damina ta zo ta jijjiga shi, alhali yara suna zaune a ƙasa suna karatun Lahadi. Ga kuma ƙwari masu huda itace da ruɓa, waɗanda raunin ya buɗe wa ƙofa, da gara in itacen ya mutu a tsaye aka bar shi ya daɗe.

Akwai doka a Maimaitawar Shari'a 22:8 da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. An umarci mai gina sabon gida ya ja ɗan bango kewaye da rufin soronsa, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Allah ya damu da yadda ake rufi. In muka ɗora tsagaggen katako a kan jama'a muka ce bangaskiya ce, mun yi abin da Shaiɗan ya nemi Yesu ya yi a kan ƙololuwar Haikali, wato gwada Allah. Haka kuma ɗan'uwa mai sayar da katako, in ka san falankin nan daga itacen da aradu ta tsaga ya fito, ka cusa shi tsakiyar masu kyau ka yi shiru, annabi Amos ya riga ya yi magana a kan masu haɗa dusa da alkama su sayar.

To, me za a yi da irin wannan itace? In na 'ya'ya ne ko na inuwa, kamar ɗorawa ko mangwaro, ganyensa kuma bai bushe duka ba, kada a yi saurin sa masa gatari. A sare rassan da suka karye, a gyara bakin ɓawon da ya ɗage, a ba shi damina guda a gani. Da yawa sukan warke su rufe raunin, su ci gaba da ba da kalwa shekara da shekaru. Abin sha'awa, a cikin Luka 13 ɗin nan, nan da nan bayan maganar hasumiya, Yesu ya ba da misalin mai lambu da ya roƙa a bar itacen ɓaure shekara ɗaya, ya yi masa kaftu ya zuba taki. In kuwa ya bushe sarai, ko yana kusa da gida ko hanya, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji in wurin yana bukata, a kira wanda ya san aiki ya kā da shi tun ƙwari ba su riga ku ba, yara kuma su yi nisa, gama tsagaggen itace ba ya faɗuwa inda aka nufa. A duba bakin kowane gungume. A jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani domin iska ta ratsa, a jira ya bushe. Wanda ya fito lafiya a yi benci, ko ƙofa, ko tebur. Abin da zai ɗauki nauyi a bisa kan mutane kuwa, a nemo wanda babu shakka a kansa.

Ba za mu rufe ba sai mun yi maganar rai, gama rai ya fi katako. Yawancinmu in ruwa ya tare mu a gona, gindin itace muke gudu. Nan ne wuri mafi hatsari. Wutar takan yi tsalle daga jikin itacen ta kama wanda yake tsaye kusa, takan kuma bazu cikin ƙasa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Shi ya sa take kashe shanu da yawa lokaci ɗaya, gama ƙafafunsu na gaba suna nesa da na baya, kamar shanu 36 da suka mutu a kan tudu a Ijare ta Jihar Ondo a watan Satumba 2019. In ka ga walƙiya, ka ƙirga. Kowane daƙiƙa uku kafin tsawa kilomita ɗaya ne. Amma in dai kunnenka yana jin tsawa, tana iya kai wa gare ka. Ka ajiye fartanya, ka sauka daga tudu, ka fita daga rafi, ka nemi ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe. Bukkar gona da rumfar kwano ba mafaka ba ne. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma aiki. Iyaye mata, ku faɗa wa yara masu tsintar mangwaro da kaɗanya, gama lokacin nunarsu shi ne lokacin hadari.

In kuma ta taɓa mutum, ku taɓa shi. Babu wuta a jikinsa. Da yawa suna rayuwa in an taimake su da wuri. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Kada a tsaya neman nono ko jiran mai tsafi. Dattawan ikilisiya kuma, in majami'arku ce gini mafi tsawo a ƙauye, ku sa kuɗin abin nan da masu wayarin suke kira tanda-aresta cikin lissafin rufi. Sandar ƙarfe ce a sama, da jan ƙarfe mai kauri da ya gangara aka binne shi cikin ƙasa. Tun wajen 1752 Benjamin Franklin na Amurka ya nuna wannan dabara. Ba rashin dogara ga Allah ba ne, irin ɗan bangon nan ne na kan soro.

Ga yadda maganar maɗacin ta ƙare. Da ganyen ɗaya gefen ma ya fara zuba, aka kā da shi. Gumagumai biyu na sama sun tsage har tsakiya, ba su da amfani sai wuta. Na gindi kuwa, ta gefen da ba tsaga, ya ba da falanki masu kyau, ja wur. An jera su a inuwa sun bushe, kafinta ya fara benci da ƙofar gaba. Katakon rufi za a saya, saboda haka sun yi wannan damina ma a tsohon ɗakinsu mai yoyo. Tsagaggun kuwa an faskara su, ranar taron Zumuntar Mata aka dafa abinci da su, matar fasto ce ta fara tura guda cikin murhu da hannunta, tsofaffi suna kallo. Kowa ya ci, kowa ya kwana lafiya.

Dattijon da ya rubuto mana ya ɗauki dattawa biyu, suka je gidan gwauruwar suka roƙi gafara a madadin ikilisiya. Ta ce ba kome, kamar yadda iyayenmu mata sukan ce. Lahadin da muka koma ta zo, amma ta zauna can baya kusa da ƙofa, ta fita kafin a sa albarka. Mutum biyu da suka fara tono maganar mijinta har yanzu ba su taka gidanta ba. Mun san ana kama wannan tasha a ƙauyen, su ma sun san kansu. Gidan bai kai tafiyar minti biyar daga majami'a ba.

Bari mu yi addu'a domin wannan 'yar'uwa, da dukan waɗanda suke gona da kiwo a ƙarƙashin hadari. Ya Uba, ka warkar da zuciyar baiwarka, ka komo da ita cikin 'yan'uwanta, ka tsare yaranmu a gona da hanya, ka kuma tanada wa wannan ikilisiya rufi. Cikin sunan Yesu, amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Ayuba sura 14. Ku karanta ta tare a gida kafin lokacin. Ku huta lafiya.